Shi miligiram 12 a rana, Alhaji miligiram 3: anya ba cin kasuwa ake yi da mu ba?

Maman Khalifa (Agege): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya min a rai tun jiya. Wata bakwai ke nan da aka yi wa Baban Khalifa dashen ƙoda, ƙanensa ne ya ba shi, kuma Alhamdulillah jiki ya yi kyau, har ya fara leƙa shago. Sai dai maganin nan takrolimus da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, miligiram 6 yake sha da safe, 6 da dare. Jiya a layin ganin likita muka zauna kusa da wani dattijo, shi ma mai dashe ne, ya fi maigidana jiki nesa ba kusa ba, amma ya ce miligiram 3 kacal yake sha a yini. Da na dawo gida na zazzage ledar magani a kan gado na ƙirga, sai na ga abin da zai kai dattijon nan wata huɗu, mu wata ɗaya yake yi mana. Kuɗin kuwa kun san yadda ya koma tun da dala ta haukace. Shi ne na ce ko mu rage masa zuwa 4 da 4 mu gani? Ga shi hannunsa na ɗan rawa in ya ɗauki kofin shayi, ni a ganina maganin ne ya yi masa yawa.

Malam Nasiru (mai kula da zaure): Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa lafiya. Maman Khalifa, kada ki taɓa komai tukuna, ko rabin ƙwaya. Aminu Famasi, in kana kusa ka leƙo.

Bashir Alaba: Anti ai kin gano da wuri. Mu nan shekara uku muka yi muna ɗawainiyar wankin ƙodar mahaifinmu, babu irin lissafin da ban gani ba. Duk wanda aka ga da ɗan hali sai a rubuta masa da yawa.

Alhaji Garba Mai Shanu (Oko-Oba): Tsaya tsaya. Hajiya, ba ke ce mai koren mayafi ba, da yaro yana ta kukan a ba shi waya? To ai ni ne dattijon, mai farar hula. Ikon Allah, ashe zaurenmu ɗaya. Da na san maganata za ta jawo haka da na kama bakina. Ni shekarata shida da dashe, a Indiya aka yi mini, kuma farkon dawowata na fi haka sha sosai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Hajiya.

Maman Khalifa: La ilaha illallah, Baba ku ne? Ku yi haƙuri, wallahi ban san kuna nan ba.

Aminu Famasi (Idi-Araba): Salam. Yanzu na samu sarari. Hajiya, kafin in ce komai, nawa ne nauyinsa, kuma nawa gwajin jini na takro, wato takrolimus ɗin, na ƙarshe ya nuna?

Maman Khalifa: Kilo 68. A takardar an rubuta 5.9.

Aminu Famasi: To madalla. Bari in yi bayani da ɗan tsawo, wanda ya gaji ya tsallake.

Likitan ƙoda ba ƙwayar da ta shiga baki yake ƙirgawa ba, abin da ya rage a cikin jini yake dubawa. Ku ɗauki janareta biyu, kowanne ana so ya kai awa 12 yana aiki. Ɗaya lita 3 ta ishe shi, ɗaya kuwa mashayin mai ne, sai an zuba masa 12. In kika ce don na maƙwabta lita 3 yake sha naki ma haka za ki ba shi, tsakar dare zai mutu ya bar ki a duhu. Gwajin nan da ake yi da safe kafin a sha magani, leƙa tanki ne a ga me ya rage bayan awa 12.

Abin da ke cinye takro a jiki wasu sinadarai ne guda biyu da ke cikin hanta da kuma bangon hanji, ana ce musu CYP3A4 da CYP3A5. Na farkon kowa yana da shi. Na biyun kuwa gado ne, kamar yadda ake gadon tsawo ko hasken fata. A cikin Turawa, kusan takwas zuwa tara cikin goma nasu ba ya aiki sam. Mu baƙar fata 'yan asalin Afirka, fiye da rabinmu namu yana aiki, wato ma'aikata biyu ne ke sarrafa maganin maimakon ɗaya. Tun a hanji ake fara rage shi kafin ya isa jini, wanda ya tsira kuma hanta ta tare shi. Shi ya sa wani kwamitin masana da ake kira CPIC ya fitar da ƙa'ida a 2015, cewa mai irin wannan gado a fara masa da ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na abin da aka saba, kada dai a wuce miligiram 0.3 a kowane kilo a rana. In kika raba 12 da kilo 68 za ki samu wajen 0.18. Babu wani abin mamaki a nan.

Alhaji kuma abu biyu ne. Mai yiwuwa hantarsa mai tafiyar hawainiya ce. Sannan ya daɗe. A watannin farko ana son maganin ya fi yawa a jini don lokacin ne garkuwar jiki ta fi zafin kai wa baƙuwar ƙoda hari. Daga baya ana sassautawa, galibi a riƙe shi tsakanin 5 da 10, wasu ma ƙasa da haka, gwargwadon yadda likita ya ga mutum. Kuma da an rage furedinisolon, wani maganin da ake haɗa wa masu dashe, jinin mutum ya ƙaru, sai ka ga ƙwaya kaɗan tana ba da abin da da sai da yawa.

Bashir Alaba: Malam Aminu, da girmanka, amma kai ma ai mai sayar da magani ne. Ba za ka ce a rage ba.

Aminu Famasi: Haha, Bashir, ni albashi nake ci, ko an saya ko ba a saya ba. Amma ka bar maganata, ka dubi takardar. 5.9 a wata na bakwai. In aka cire kashi ɗaya cikin uku na maganin, lambar za ta faɗo wajen 4 ko ƙasa. Mugun abin kuma shi ne ba zai ji komai ba. Babu zazzaɓi, babu ciwo, zai ma ji daɗi don rawar hannu ta ragu. A ɓoye garkuwar jiki za ta fara ƙera makaman da suka san wannan ƙodar takamaimai, su riƙa cin ƙananan jijiyoyinta a hankali. Ranar da kiriyatinin, lambar da ke nuna aikin ƙoda, ya tashi a takarda, ɓarna ta riga ta yi nisa, kuma irin wannan ƙin karɓar yana da wuyar magani ƙwarai. Kai da ka yi shekara uku kana biyan wanki sau biyu ko uku a mako, ka fi ni sanin wanne ya fi tsada.

Bashir Alaba: Wannan kam gaskiya ne. Allah Ya jiƙan Baba.

Malam Nasiru: Amin. Allah Ya kai haske kabarinsa.

Sista Rabi (Mushin): Amin ya Allah. Ni dai ina da tambaya ga Maman Khalifa, don shekarata goma sha ɗaya a ɗakin wankin ƙoda kuma na ga wannan sau ba adadi. Ranar gwaji, ƙarfe nawa ya sha na dare, ƙarfe nawa aka ɗebi jinin?

Maman Khalifa: Na dare kullum ƙarfe 8 ne, bayan Isha. Ranar mun fito daga Agege wajen 7, amma gosulo ya riƙe mu tun daga Ikeja Along, ga shi an yi ruwa. Kafin mu isa, mu biya kuɗi, a kira mu, 11 ta kusa. Bai sha na safe ba sai da aka ɗiba, wannan an gaya mana.

Sista Rabi: Yawwa, ga inda gizo ke saƙar. Awa 15 ke nan ba 12 ba. Ga mutumin da jikinsa ke saurin cinye magani, awa uku ba wasa ba ce. Wato 5.9 ɗin nan ba ita ce lambarsa ta gaskiya ba, tasa ta fi haka. Kin faɗa wa likita lokacin da aka ɗiba?

Maman Khalifa: Bai tambaya ba Sista, ni ma ban san yana da muhimmanci ba. Kuma kusan kullum haka muke yi.

Sista Rabi: To kin gani. In kullum lambar na zuwa ƙasa saboda latti, likita zai yi ta ƙara magani yana bin lambar da ba ta nan. Aminu, kai ka yi saurin yanke hukunci. Mai yiwuwa matar nan tana da 'yar gaskiya a batun rawar hannu.

Aminu Famasi: Na karɓa, Sista, ban tambayi lokaci ba. Amma ko da hakan ne, gyaran ba a kan gado da leda za a yi shi ba. A sake gwaji daidai, a kai wa likita.

Sista Rabi: A nan kam bakinmu ɗaya. Maman Khalifa, ki rubuta a bayan takardar da biro: ya sha ƙarfe kaza, an ɗiba ƙarfe kaza. In kun san ba za ku isa kafin 8 ba, ku kwana wajen 'yan uwa kusa da wurin, ko ku nemi ɗakin gwaji na kusa da ku da ke karɓar jini ya aika. Ki lura kuma a kwalba mai murfi kalar shunayya ake zubawa, don maganin a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake maƙalewa, ba a ruwan jinin ba. Akwai masu yin akasin naku ma: su sha na safe a cikin danfo don kada lokaci ya wuce, a ɗebi jini bayan awa ɗaya, lamba ta fito 20, hankalin kowa ya tashi a banza.

Aminu Famasi: Ƙari a kan rawar hannu. Mai saurin sarrafa magani yana cikin tsaka mai wuya. Don ya samu abin da zai rage a awa ta 12, dole a zuba da yawa a farko, sai maganin ya yi tsiri sama awa ɗaya zuwa biyu bayan sha, sannan ya faɗo da sauri. Wannan tsirin ne ke kawo rawar hannu da ciwon kai, kuma yana matse jijiyoyin ƙodar kanta, alhali gwajin safe yana nuna komai lafiya. Abin da ya sa ake sa wa irinsu ido ke nan. Akwai nau'in da ke narkewa a hankali, sau ɗaya a rana, irin su Envarsus, yana rage tsirin. Samunsa a nan da kuɗinsa wani zance ne daban. A duba masa maganiziyam ma, takro na zubar da shi ta fitsari, ƙarancinsa kuma na ƙara rawar.

Hauwa Obalende: To Yaya Aminu me zai hana kowa ya yi gwajin gadon nan kawai a huta?

Aminu Famasi: Yana taimakawa a ranakun farko, a san da nawa za a fara, a isa lambar da ake so da wuri. Amma binciken da aka yi bai nuna cewa ƙodar waɗanda aka yi wa gwajin ta fi daɗewa ba. Wanda ya kai wata bakwai kuwa, takardunsa sun riga sun faɗa mana irin hantarsa. Ni da kuɗin gwajin gado gara a yi gwajin takro sau uku a kan lokaci.

Alhaji Garba Mai Shanu: Bari in ba ku nawa, ko wani ya tsira. Shekara ta biyu da dashe na kamu da tari, lokacin sanyin hunturu, ga ƙurar kara. Na ji nauyin zuwa asibiti a kan tari kawai, na aiki yaro wani kemis ya karɓo mini maganin tari mai ƙarfi. Ya kawo wasu ƙwayoyi, sau biyu a rana. Kwana huɗu, ranar na zo ƙirga kuɗin wani bijimi da na sayar, wallahi takardun kuɗin zubewa suke daga hannuna. Kaina kamar ana sara, fitsari ya ragu. Yarana suka ce jifa ne. Da aka auna, takro ya haura 20, kiriyatinin ya ninka. Likitar ta ce in kawo kwalin, tana gani ta dafe kai. Kilaritromaisin ne. Kwana shida na yi a kwance. Tun daga ranar ko farasitamol ne sai na ɗauki hotonsa na tura.

Aminu Famasi: Allah Ya kiyaye gaba, Baba. Kilaritromaisin da ɗan uwansa eritromaisin suna ɗaure wa sinadaran nan hannu, sai magani ya taru kamar kwata ta toshe. Haka fulukonazol da ketokonazol, waɗanda mata ke saya don ƙaiƙayin gaba ko a sha don makero. Haka diltiyazem da berafamil na hawan jini. Mafi tsanani shi ne ritonabir da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau da kuma Paxlovid na korona. Sai kuma ɗan itacen nan, gireb.

Maman Khalifa: Inabi? Wayyo, shekaranjiya na saya masa.

Aminu Famasi: A'a Hajiya, kwantar da hankalinki, inabi ba ruwansa. Babban lemun nan nake nufi mai ɗaci-ɗaci, wanda ya fi lemun zaƙi girma, masu kayan marmari a Mile 12 da Ketu ke ce wa gireb. Sunan ne ya zo ɗaya a bakin 'yan kasuwa. Shi yana kashe sinadarin da ke bangon hanji, kuma aikin kofi ɗaya kan wuce yini guda. A riƙa karanta kwalin lemun kwali ma, wasu gauraye ne da shi a ciki. Lemun zaƙi na yau da kullum ba matsala.

Bashir Alaba: To tsaya Malam Aminu. Ka ce gireb na sa magani ya taru. Anti kuma kukan kuɗi take. Me zai hana ya riƙa shan gireb kullum, a rage ƙwaya rabi? Ga arha ga bitamin.

Sista Rabi: Bashir!!

Aminu Famasi: Ku bar shi, tambayar ba ta wauta ba ce. Likitoci sun yi irin wannan dabara da gangan, musamman a ƙasashen da kuɗi ke wuya kamar Masar da Indiya: a haɗa wa mutum ƙaramin ketokonazol ko diltiyazem don a rage yawan takro ko ɗan uwansa saikulosiforin da zai saya. Amma ƙwaya ce mai awo, kullum adadi ɗaya, ana bin jini ana bin hanta, don ketokonazol kansa yana iya taɓa hanta. Kuma ranar da mutum ya manta da ita ko ta yanke a kasuwa, lambar ta rushe. Gireb kuwa na yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba, wani ya nuna wani bai nuna ba, wata rana ma babu shi a kasuwa. Lamba za ta yi ta hawa da sauka, kuma wannan hawa da saukar kanta an san tana tafiya da lalacewar dashe. Garin neman gira a rasa ido. In kuɗi ya gagara, a faɗa wa likita ƙiri-ƙiri, shi ya san dabarar da ta dace da wane.

Bashir Alaba: Ni dai har yanzu ina ganin akwai abin da Allah Ya ajiye a itatuwa da ba a so mu sani.

Aminu Famasi: Ai shi takro ɗin ma daga ƙasa aka tono shi. A 1984 masu bincike a Japan suka same shi a jikin wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓayar yankin Tsukuba. Saikulosiforin kuma daga wani nau'in fumfuna. Bambancinsa da agbo, jiƙon nan da ake zubawa a roba a tashar Oshodi shi ne an san nawa ne a cikin kowane kafso. Jiƙo da sassaƙe da tsimi ba a auna su, kuma akwai ganyen da aka tabbatar yana zuƙe takro daga jini har dashe ya lalace, wani da Turawa ke sha don damuwa, St John's wort. Ka ga ba mu kaɗai ke da gargajiya ba.

Hauwa Obalende: Ni nawa akasin na Baba Alhaji ne. Wata goma sha huɗu da dashe aka gano ina da tarin fuka. Aka sa ni a maganin wata shida, wanda ke mayar da fitsari ja kamar an zuba manja. Da takro miligiram 4 nake sha a rana. Cikin mako biyu lambata ta faɗo ƙasa da 2. Aka yi ta ƙari, aka yi ta ƙari, sai da na kai 15 a rana. Mahaifiyata ta sayar da sarƙarta a wannan watannin. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ƙarshen ne, da na gama maganin tarin likita ya ce yanzu ne haɗarin, sai da na riƙa zuwa gwaji sau biyu a mako ana ragewa.

Aminu Famasi: Sannu Hauwa. Rifamfisin ke nan. Shi zuga hanta yake ta ƙera ƙarin sinadaran, ninki uku har biyar akan ƙara wa mutum. In an daina kuma hanta ba ta komawa daidai rana ɗaya, takan ɗauki kamar mako biyu, wanda ya ci gaba da shan 15 a lokacin zai sha guba. Wani lokaci akan musanya shi da rifabutin in an samu, don nasa zugin bai kai haka ba. Magungunan farfaɗiya irin su karbamazefin da fenitoyin da fenobabiton su ma haka suke. Matsalarmu a nan ita ce asibitin tarin fuka daban, na ƙoda daban, in mara lafiya bai buɗe baki ba babu mai haɗa su.

Sista Rabi: Ku ƙara da gudawa. Mutane na zaton in ana zawo magani wucewa yake, har wasu su ƙara sha. Da takro akasin haka ne, lambar hawa take, don bangon hanjin da ke rage shi ya ƙwaɓe. Ga rashin ruwa a jiki ga magani ya taru, ƙoda na shan duka biyu. Zawo ya wuce yini ɗaya, a tafi asibiti. Kuma don girman Allah a bar dikulofenak da ibufurofen da haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda.

Alhaji Garba Mai Shanu: Abin da ya ɗaure mini kai lokacin, likita ta ce in magani ya yi yawa kiriyatinin ya hau, in ya yi kaɗan ma ya hau. To ta ina ake ganewa?

Aminu Famasi: Ta lambar takro, Baba, shi ya sa ake auna su tare. In ba ta warware ba sai a sa allura a ɗebo ɗan tsokar ƙodar a duba a madubin likita. Wanda ya ga kiriyatinin ya hau ya yanke wa kansa hukunci a gida, caca ya yi, rabi da rabi.

Mai Agogo Idumota: Salam jama'a akwai agogunan hannu masu ƙararrawa sabbin shigowa, mai so ya yi magana ta gefe

Malam Nasiru: Mai Agogo, an hana talla a nan. Na bar wannan don ƙararrawar na da amfani ga masu shan magani, amma kada a ƙara.

Tunda ana kan lokaci, Aminu, azumi fa? Bara mutum uku suka tambaye ni.

Aminu Famasi: Allah Ya gafarta Malam, ɓangaren hukunci naku ne. Ta wajenmu, shekarar farko likitoci kan ce kada a yi. Bayan nan wanda ƙodarsa ta zauna lafiya yakan iya, da izinin likitansa. A Legas ana shan ruwa wajen 7, sahur wajen 5, wato tazara ta zama awa 10 da awa 14 maimakon 12 da 12. Sannan abinci, musamman mai maiƙo, yana rage shigar takro jini. An fi so a sha awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu zuwa uku bayansa. Wanda ya saba sha da cikin wofi, ya koma haɗiya shi a kan ƙosai da soyayyen dankali, lambarsa za ta canza. Sai a tsara tun Sha'aban, a yi gwaji a makon farko.

Malam Nasiru: Mara lafiya dai Allah Ya yi masa rangwame a cikin Baƙara, ya rama ko ya ciyar. Baban Khalifa bana ciyarwa ko ramuwa, sai abin da likita ya ce.

Hauwa Obalende: Yaya Aminu tambaya ta ƙarshe, kunya nake ji amma bari in yi. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah.

Sista Rabi: Ayyiriri! Allah Ya sanya alheri ƙanwata. Bari in amsa miki ni. In kina shan maikofenolet, maganin dashen nan da ake haɗawa da takro, wato CellCept ko Myfortic, ki gaya wa likita tun yanzu. Yana jawo ɓari kuma yana naƙasa jariri, ana canza shi zuwa azatiyofirin aƙalla mako shida kafin a nemi ciki. Takro kuwa ana ci gaba da shi. Sauran zancen ki same ni ta gefe.

Aminu Famasi: In an koma azatiyofirin a kiyayi alofurinol na ciwon gaɓoɓi, haɗuwarsu na iya durƙusar da ɓargo. Mai maikofenolet kuma ya raba shi da ruwan maganin olsa mai kama da alli da awa biyu.

Alhaji Garba Mai Shanu: Allah Ya sa albarka Hauwa. Ku yaran yanzu kun samu sauƙi. Sai a shekarar 2000 aka fara dashen nan a Najeriya, a asibitin St. Nicholas nan cikin Ikko, Kano ta biyo baya a 2002 a asibitin Malam Aminu Kano. Kafin nan wanda ƙodarsa ta mutu in ba mai kuɗin jirgi ba ne sai dai addu'a. Yayana haka ya tafi.

Malam Nasiru: Allah Ya jiƙansa.

Maman Khalifa: Salam. Na dawo da bayani, kwana tara ke nan. Mun kwana a Yaba gidan ƙanwar mamana, ya sha na dare ƙarfe 8, aka ɗebi jini 8 saura minti biyar, na rubuta a bayan takarda yadda Sista ta ce. Ya fito 8.6. Likita ya yi ta juya takardar, ya tambaye ni wa ya koya min, na ce 'yan zaurenmu. Ya mayar da shi 5.5 da safe 5.5 da dare, ya ƙara masa maganiziyam, ya ce mu sake gwaji bayan mako ɗaya. Na yi masa maganar kuɗi, ya ce in na gaba ya yi kyau zai duba batun diltiyazem tunda dama yana da hawan jini.

Bashir Alaba: Kun gani ko! An rage ko ba a rage ba?

Sista Rabi: Miligiram ɗaya Bashir, ba huɗu ba.

Maman Khalifa: Yanzu matsalar rabin ce. Inda muke saya 'yan 1 da 'yan 5 kawai suke da su. Wani ya ce in buɗe kafson in raba garin biyu. Wani wurin kuma suna da 0.5 amma Advagraf ne, mu kuwa Prograf yake sha.

Aminu Famasi: Kada ki buɗe, kada kuma ki karɓi Advagraf, shi na sau ɗaya a rana ne, ba a cakuɗa su. Ko kamfani aka canza sai likita ya sani an sake gwaji. Na Prograf 0.5 ɗan ƙarami ne ruwan ɗorawa. Ki kira likitan yau ki ji ko zai yarda da 6 da safe 5 da dare kafin a samu.

Alhaji Garba Mai Shanu: Ni 'yan 0.5 nake sha, Prograf, ɗaya da rabi safe da dare. Ina da kwali biyu da ba a fasa ba. Aminu, in babu laifi a turo yaro Oko-Oba bayan La'asar, ya tambayi rumfar Alhaji Garba.

Aminu Famasi: Babu laifi Baba, a turo min hoton kwalin gaba da baya in ga ranar lalacewarsa tukuna.